Shekarar da Yekini Ya Canza wa Kowa Boris

Malam Yekini mai gyaran janareta, Allah ya jiƙansa, ba ya kwance inji sai ya saurare shi tukuna. Duk Sabon Gari da haka aka san shi. In aka kawo masa janareta rumfarsa, cewa yake a tayar. Sai ya ɗauko doguwar sukundirebarsa, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna mariƙin a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraren karatu. Minti ɗaya ya ishe shi. Zai ɗago ya ce bawul ne, ko ringi ya cinye, ko kuma ya harari mai injin ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, kai ne ka sayo fetur mai ruwa." In aka buɗe, abin da ya faɗa shi ake tararwa. Shekara talatin da biyu yana wannan aiki, inji uku ko huɗu na ruri a kansa tun safe har la'asar, kuma ko auduga bai taɓa sa wa kunnensa ba. Cewa yake da kunnen yake cin abinci, don me zai toshe shi.

Matarsa Wasilat, wadda unguwa ke kira Iya Rofiat saboda 'yarsu Rofiat, tana sayar da manja da garin alabo a ƙofar gidansu a Fagge. Su duka biyun a Fagge aka haife su, iyayensu ne suka zo daga Ogbomosho. Ita ta fara lura. Sai ta yi sallama sau uku bai amsa ba. Rediyo kuwa in ya kunna, maƙwabta ba sa buƙatar nasu. Da ta yi magana sai ya mayar da laifin kanta.

"Muryar maza ina jin ta sarai," in ji shi. "Ke ce kika koma magana kamar sauro. Ki riƙa buɗe baki."

Ta buɗe bakin, har maƙogwaronta ya fara ciwo.

Sai kuma shekarar boris ta zo. Boris shi ne zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye a ciki, wanda sandar inji ke juyawa a kansa. In ya fara lalacewa fito yake yi, siriri. A da, sai Yekini ya yi wata biyu bai canza boris ba. A wannan shekarar kuwa, duk injin da ya ɗora wa sukundireba, sai ya girgiza kai ya ce boris ne. Na mai aski, boris. Na mai sayar da ƙanƙara, boris. Wani tela ya kawo nasa don igiyar ja ce kawai ta tsinke, ya koma gida da sabon boris da tsohuwar igiya.

Wasilat ba ta san da wannan ba sai ranar da Nwabueze ya zo gidan da hantsi, lokacin da ya san maigidan yana rumfa. Nwabueze shi ne mai shagon kayan inji da ke kallon rumfar Yekini, abokinsa tun suna samari. Ya sauke wani kwali a gabanta, ya share gumi.

"Iya Rofiat, duba nan."

"Mene ne wannan, Baban Chinyere?"

"Boris ɗin da mijinki ya cire wa mutane ne. Na bi na tsince su. Ki juya ɗaya ki gani."

Ta ɗauki ɗaya ta juya da yatsa. Ya yi ta juyawa sumul, ko motsin sauti babu.

"Sababbi ne fil," in ji Nwabueze. "Wasu ma ni na sayar masa da su wancan satin. Inji ɗaya ya canza wa sau uku. Ni ciniki nake yi, ban ƙi ba, amma abin ya fara ba ni kunya. Yanzu a layinmu ba a ce masa Malam Yekini. Baba Boris ake cewa."

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce kayana ne jabu, tun daga kwali suke fito. Muka kusa dambe, ni da shi, da furfurarmu. Ke kaɗai za ki iya da shi."

Ta rasa ta inda za ta ɓullo masa. Mutum ne da za ka zagi hularsa da takalminsa ya yi dariya, amma kar ka taɓa kunnensa. Sai Allah ya kawo mata hanya ranar Lahadi bayan azahar. Babu wuta, unguwa shiru, suna zaune a falo tana tsince shinkafa. Ta ga yana ta juya kai kamar kaza ta ji shaho. Can ya miƙe, ya ɗauko sukundireba, ya nufi tsohon firjin da ke lungu. Ya ɗora, ya lumshe ido.

"Na kama shi," ya ce da ƙarfi. "Kwana nawa yana damuna. Wannan firjin ma fito yake yi."

Wasilat ta ajiye farantin shinkafa.

"Baban Rofiat."

"Gobe zan kwance shi."

Ta matso dab da shi yadda zai ga bakinta. "Babu wuta. Kuma firjin nan ba shi da inji. Kai da hannunka ka cire ka sa wa na ƙanwarka, shekara biyu ke nan. Tukwane nake ajiyewa a ciki."

Ta buɗe masa ya gani. Tukwane uku da mazubin gishiri.

Ya daɗe yana kallon tukwanen. Sannan ya ɗora sukundirebar a bango ya saurara. Ya ɗora a kan kujera. Ya ajiye ta gaba ɗaya, ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu, ya tsaya a tsakiyar falo. Da ya cire yatsun sai ya zauna a ƙasa.

"Yana nan," ya ce. "A cikina yake."

Ba a ranar ya yarda da asibiti ba. Sai da ya gwada man zaitun mai ɗumi, ya gwada gashin kaza, ya je wajen wani mai sakace kunne a bakin kasuwa wanda ya ce ya ciro masa ƙwaro. Fito bai fasa ba. A ƙarshe Wasilat ta ce in bai bi ta asibiti ba, za ta je layinsu ta tara mutane ta ba su labarin firji. Washegari ya riga ta shiryawa.

A sashen kunne suka sami wata likita, Dokta Jawahir. Ta leƙa kunnuwan da 'yar fitila ta ce dodon kunnensa lafiya lau yake, babu ƙwaro, babu datti. Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai kamar akwati, aka sa masa abin sauraro a kai, aka ba shi maɓalli, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya danna. Wasilat tana kallonsa ta gilashi. Tun kafin a kunna na'urar ya danna, kuma bai sake ɗaga yatsa ba. Sai da likita ta shiga ta yi masa bayani cewa sabuwar ƙara ake nufi, ban da wadda ya zo da ita daga gida.

Da aka gama ta zaunar da su, ta juya tana fuskantarsa.

"Baba, can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu a naɗe kamar katantanwa. A cikinsa akwai wasu 'yan gashi ƙanana, dubbai, ido ba ya ganin su. Su ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi kwantar da su take yi. In na kwana ɗaya ne, sukan tashi. In kullum ne shekara da shekaru, mutuwa suke yi. Masu jin siririn sauti su ke fara tafiya, shi ya sa muryar Mama ta fi ɓace maka."

"Kin ji," Wasilat ta ce masa. "Ba sauro ba ce ni."

"To fiton fa?" in ji Yekini.

"Wurin da ya daina aiko da sauti, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa cike gurbin da nata. Shi kake ji."

Yekini ya gyara zama. Nan aka zo fanninsa. "To ai da sauƙi, 'yata. A cire katantanwar a sa sabuwa. Ko ta hannu ce, in dai mai kyau ce."

"Ba a sayar da ita, Baba. Kuma gashin da ya mutu ba ya tsirowa. Abin da za mu yi shi ne mu tsare wanda ya rage."

Ta rubuta masa na'urar ƙara ji, ta ce ya nemi abin rufe kunne irin na masu aikin kamfani, don auduga ba ta tare komai. Ta ba su wasu 'yan soso na toshe kunne. Ta ce in fiton ya dame shi ya kunna fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa, da sannu zai saba har ya riƙa mantawa da shi.

Sati uku Yekini bai je rumfa ba. Yana zaune a tsakar gida da 'yar singileti, ba ya ko faɗa. Wasilat ta gwammace faɗan. Da gangan ta zuba wa miya gishiri ya yi yawa, ya cinye bai ce komai ba. Ranar ta shiga ɗaki ta yi kuka.

A cikin sati na huɗu wayarsa ta yi ƙara. Ita ta ɗauka, don shi waya ta daina yi masa amfani. Alhaji Abdulnasir ne, mai wani bene na shagunan atamfa a Kantin Kwari. Babban janaretan dizal da ke ba benen wuta, shekara ashirin Yekini kaɗai ke taɓa shi.

"Iya Rofiat, injin nan sautinsa ya canza. Masu shaguna sun ce in kira wani, wai mijinki ya rikice. Na ce a'a, sai ya gani tukuna. Ya zo jibi. Amma ki gaya masa da kyau, wallahi in ya ce min boris, mun rabu ke nan."

Wasilat ta san abin da wannan ke nufi. In Alhaji Abdulnasir ya sallame shi, duk Kwari ta sallame shi, kuma Sabon Gari za ta ji kafin la'asar. Daga nan sai zaman singileti har mutuwa.

"Ba zan je ba," in ji Yekini da ta gaya masa. "Da wane kunnen?"

"Da nawa."

Ya kalle ta.

"Kunnena lafiya lau. Kanka lafiya lau. Ni in saurara in kwaikwaya maka, kai ka faɗi cutar."

"Ke? Ke da ba ki san fulogi da murfin kwalba ba?"

"Ai ba sani za a tambaye ni ba. Ji za a tambaye ni."

Kwana biyu suka yi suna gwaji da ɗan janaretan maƙwabci. Ya nuna mata yadda ake riƙe sukundireba, da inda ake ɗorawa, da inda in ta ɗora za ta rasa yatsa. Ya sassauta wani noti ya ce ta saurara. Aka kashe inji, ta kai baki kunnensa na dama, wanda ya fi ji, ta yi masa "kaf-kaf-kaf-kaf."

"Wannan ai agwagwa ce," in ji shi. "Sake."

Ta sake. A karo na biyar ya ce ya yi kama da noti. A nan ta ga ya yi murmushi, na farko tun ranar firji.

Ranar alkawari suka shiga Kwari da hantsi, suna kutsawa tsakanin masu dakon dila. Shi yana rataye da jakar sifana, ga abin rufe kunne mai ruwan ɗorawa da Nwabueze ya samo masa a wuya. Ita ta sha mayafinta na zuwa biki. Injin yana bayan bene a cikin keji, girmansa ya kai ƙaramar mota. Alhaji yana tsaye, masu shaguna kusan goma sun fito kallo. A cikinsu akwai wani Sammani mai leshi, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Ga Baba Boris nan," in ji Sammani. "Yau har da 'yar rakiya. Hajiya, leshi za a duba?"

"Inji za a duba," in ji Wasilat.

Aka tayar da inji. Ƙasa ta ɗauki rawa. Yekini ya rufe kunnuwansa da abin nan, ya toshe mata kunnen hagu da soso, ya miƙa mata sukundireba. Ta ɗaure mayafi a ƙugu. Masu kallo suka dubi juna. Ya ɗora mata bakin sukundirebar a gaban injin, ta saurara kaɗan, ya janye ta. Ya ɗora a tsakiya. Ya ɗora a baya, wajen da ke haɗa wuta. A nan ta ɗan daɗe, har ya ja hannunta, don likita ta ce kar a daɗe. Ya yi alama aka kashe.

Ya ɗaga murfin kunnensa na dama, ta kai baki.

"Gaba, gudu-gudu-gudu, daidai yake tafiya."

"Madalla."

"Tsakiya ma haka."

"Baya fa?"

Ta tsuke baki ta yi masa siririn fito, mai ɗan kaushi a ƙarshe.

Fuskarsa ta canza. "Kin tabbata? Ba nawa kika aro ba?"

"Da aka kashe inji, fiton ya mutu."

"Nawa yana nan," ya ce. Ya je ya ɗora tafin hannu a murfin bayan, ya janye da sauri. Zafi kamar kaskon masa. Ya dawo ya ja ta gefe, ya sunkuyo zai yi mata raɗa. To raɗar Yekini a lokacin, mutumin da ke hawa na biyu ma yana jin ta.

"Iya Rofiat, mun shiga uku. Wallahi boris ne. Me zan ce wa Alhaji?"

Wurin ya fashe da dariya. Sammani har da riƙe keji. Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya gyara hula ya ce, "Malam Yekini, na gode. Allah ya sa mu rabu lafiya."

Yekini bai ji maganar ba, amma ya ga Alhaji ya juya baya. Wasilat ta ɗauka zai tattara jakarsa. Sai ta ga ya cire abin rufe kunnen ya ɗaga shi sama.

"Alhaji, tsaya. Ku ma ku ji. Kunnena ya mutu. Likita ta ce inji ne ya kashe shi, kuma ba ya gyaruwa. Shekara guda ina jin fito a kaina ina ɗora wa injinan mutane. Duk wanda na canza wa boris a banza ya zo rumfa, zan ba shi haƙuri in gyara masa abin da ya kawo. Amma wannan ba ni na ji ba. Ita ta ji, kuma matar nan daga ɗaki takan ji cokali ya faɗi a gidan maƙwabta. A bar ni in buɗe. In ba shi ba ne, ni da ƙafata zan rako muku wani makanike."

Dariya ta tsaya. Alhaji ya juyo ya dubi Wasilat.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, kin ji?"

"Na ji, Alhaji. Ban san sunansa ba, amma na ji."

"A buɗe," in ji Alhaji.

Awa biyu aka yi ana kwancewa. Wasilat ta zauna a kan wata dila tana jan carbi. Ta fara tunanin ko fiton wani ɗan dako ne ta ji yana wucewa. Masu shaguna suka ƙi komawa, ciniki ya tsaya. Da aka zare murfin ƙarshe, Yekini ya sa hannu ya jawo. Abin bai fito a dunƙule ba. Zoben ya rabe biyu, giris ya ƙone ya zama gawayi, ƙwallayen suka zube a siminti suna gangarawa ko'ina. Ɗaya ta tsaya a gaban takalmin Sammani.

"Malam Sammani," in ji Wasilat, "tsinto mana wannan, Allah ya yi maka albarka."

Ya sunkuya ya tsinto.

Yekini ya nuna wa Alhaji inda ƙarfe ya fara cin ƙarfe, ya ce da an ƙara sati guda da sai dai a sayi sabon kan inji. Alhaji ya juya guntun zoben a hannu, ya matso kusa da kunnensa na dama ya ɗaga murya.

"Gobe ka zo da sabo. Kuma ka zo da Hajiya."

Shekara huɗu suka yi suna aiki tare bayan wannan, kafin ciwon da ya ɗauke shi. Ba kullum take zuwa ba, sai in babban inji ne ko wanda ya gagara. Amma a ranar, a cikin adaidaita sahu suna hawa Titin Ibrahim Taiwo, ba ta san za su kai haka ba. Hannunsa duk baƙin mai, ya ɓata mata gefen mayafi.

"Fiton nan da kika yi," ya ce, har direba ya waiwayo, "bai yi daidai ba. Na boris ya fi haka kauri. Sa'a kika ci na gane."

"To gobe ka je kai kaɗai."

Wannan kam ya ji.

"Ƙarfe tara za mu fita," ya ce. "Rofiat ta zauna miki a kan manja."